Ka Dawo Gida Tukuna, Sannan Ka Rubuta Tafiyar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Katsina ne, daga wajen Ƙofar Marusa. Na tafi Sudan karatu a 2017. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum cikin Afrilun 2023 na fita ta iyakar Masar, na zauna a Alƙahira ina 'yan ayyuka, sai a 2024 na dawo gida. Ina son in rubuta labarin tafiyar nan da Hausa, amma duk sanda na zauna sai ya fito kamar jerin sunayen garuruwa, ko kuma ya yi kama da alfahari. Ga shi tun da na dawo zaman ya ƙi mini daɗi. Garin ya yi mini ƙunci, abokai kowa ya kama gabansa, kuma ba mai sauraren labarina fiye da minti biyar. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Sannu da hanya, ko da yake an kwana biyu da sauka. Allah ya huta gajiya, ya jiƙan waɗanda yaƙin nan ya ci, ya kawo wa Sudan zaman lafiya.

Ka kawo mini matsala biyu, ta alƙalami da ta zaman gida, kana ganin kowace hanyarta daban. A aikin da na daɗe ina yi na gyaran rubutu da koyar da shi, abin da na lura shi ne tushensu ɗaya. Labarin tafiya ba don mutanen can ake rubuta shi ba, mutumin Umdurman ta Sudan ba ya bukatar ka gaya masa yadda Umdurman take. Mutanen gida ake rubuta wa. Kai kuwa a yanzu ba ka gama sanin mutanen gidan ba, don Katsinar da ke cikin kanka ta 2017 ce. Duk wanda bai san wa yake ba labari ba, ɗayan biyu za ta same shi: ko ya jero komai saboda bai san abin da zai zaɓa ba, ko ya yi ta nuna kansa saboda kansa kaɗai ne mai sauraren da ya sani. Don haka da maganar dawowa zan fara, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Ka tsaya ka lissafa abin da ya wuce ta kan mutanen nan ba ka nan. Ka bar litar fetur a naira 145, ka dawo ka tarar ta haura 600. Ba ka ga farkon 2023 ba, lokacin canjin takardun naira, da magidanci yana da kuɗi a banki amma ya rasa na cefane, yana bin masu POS lungu-lungu. An rufe iyakar Nijar a 2019, aka buɗe, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, kai ma ka san abin da hakan ke nufi ga mutumin Jibiya ko na Mai'aduwa, ko Badauri da rabin danginsa ke tsallaken Kwangwalam. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Hanyoyin Batsari da Safana da a da ake bi da dare a dawo daga biki, yanzu sai an tambayi labarinsu kafin a hau. Abokin nan naka da ka ce yana kau da kai bayan minti biyar, ba mamaki an taɓa bi gida-gida ana haɗa kuɗin fansar ɗan'uwansa. In ka soma ba shi labarin harsasai a Khartum ya yi shiru, ba raini ba ne. Shi ma da nasa a ciki, kuma ba ka tambaye shi ba tukuna.

Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa suka tsara wa dawowa hanya. Kwanakin farko naka ne: a shimfiɗa tabarma a zaure, jama'a su yi ta shigowa, "Sannu da zuwa, ya hanya, ya ka baro su?" kai kuma ka ce "Lafiya lau, suna gaishe ku." Wannan gaisuwa ce, ba neman labari ba ce, kuma matasa da yawa a nan suke fara jin ciwo, don sun ɗauka an buɗe musu ƙofar zance ne sai suka ga mai tambayar ya miƙe yana neman takalminsa. Bayan kwanakin nan sai bashin ya koma kanka, kai ne za ka fita. Ban ga ka ambaci wannan a wasiƙarka ba, shi ya sa nake zaton a nan aikin ya tsaya.

Ka sami mahaifiyarka ko gwaggonka bayan isha'i, ka zauna da takarda, ka ce ta faɗa maka duk wanda ya rasu tun tafiyarka, da wanda ya yi aure, da wadda ta haihu, da gidan da aka yi gobara ko aka yi rashin lafiya mai tsawo. Mata sun fi mu riƙe wannan lissafi, ba za ta tsallake kowa ba. Sannan ka bi gidajen nan da ƙafa, ba ta waya ba. Za ka yi sallama a zauren da ka saba tarar da wani dattijo, ka ga buzunsa a naɗe a jingine da bango, ɗansa da kuka yi makarantar allo tare shi ne ya fito, har ya fara furfura a gemu. Ka durƙusa ka ce, "Ashe bayan tafiyata abin da ya faru ke nan. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba." Ya ce "Alhamdu lillahi," ku shafa fatiha. Daga nan shi da kansa zai soma ba ka labarin jinyar, da wanda ya tsaya musu, da yadda aka raba gado. Ka saurara har ya gama. In ka yi wannan zagaye, za ka ga garin da ka ce ya yi maka ƙunci ya soma buɗewa, domin a lokacin ne za ka san inda kowa yake tsaye yanzu, su ma su san ka dawo cikinsu da gaske. Galibi kuma a irin wannan zama ne wani zai ce, "To kai ma fa, yaya kuka yi kuka fito?" Wannan tambayar ita ce ta gaske, kuma mai yin ta zai ba ka fiye da awa guda.

Addini ma bai bar dawowa kara zube ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya dawo daga tafiya da masallaci yake farawa, ya yi raka'a biyu, sannan ya zauna wa mutane, kuma ya hana wanda ya daɗe ba ya nan ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa. Shi ne kuma ya ce tafiya yanki ce ta azaba, wanda ya gama bukatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne, shigowa gida mataki-mataki ake yin ta, kuma na gida ma suna bukatar shiri kamar yadda matafiyi yake bukata.

Akwai abu biyu da ke ɓata wa masu dawowa zama, gara in faɗa maka su kai tsaye. Na farko "a can kuwa". An kawo shayi, "a can kuwa ba haka ake dafa shi ba." An ɗauke wuta, "a can kuwa." Ko gaskiya ka faɗa, a kunnen na gida kushe ne, musamman in ka haɗa da Larabcin da ya zame maka jiki, kana "tamam" kana "ya zol" a majalisa. Ba laifi ba ne harshe ya saba, amma ka lura da fuskar mutane. Na biyu maganar abin hannu. A wajen mutanenmu duk wanda ya fito daga waje da kuɗi ya dawo, kai kuwa da ranka ka tsira. Kada kunya ta sa ka ci bashi don ka yi tsaraba ko ka riƙa ɓuya. Ka faɗa sau ɗaya a gaban manyan gida cewa yaƙi ne ya koro ka, abin da ka samu a Alƙahira na ci da haya ne. Maganar za ta zaga da kanta, kuma masu hankali za su ƙara ganin girmanka.

Ƙuncin da kake ji sananne ne. Tun 1963 masu nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka suka rubuta cewa ɗalibin da ya dawo daga karatu a waje yakan sake shiga irin ruɗanin da ya shiga sanda ya fara isa can, wani lokaci ma na dawowar ya fi zafi saboda bai zata ba. Yakan lafa da watanni. Amma kai ba karatu kaɗai ka baro ba, yaƙi ka baro. In har yanzu barci na yanke maka, ko ƙarar bindigogin hawan Sallah ta sa ka nemi wurin fakewa jikinka na rawa, ko ka ga kana guje wa mutane gaba ɗaya, ka je ka ga likitan da ya san wannan fanni. Ba raunin imani ba ne, kuma rubutu ba zai maye gurbin magani ba. Ina roƙonka kada ka yi wasa da wannan.

Yanzu alƙalami. Wani abu da zai ƙarfafa maka gwiwa shi ne, ainihin abin da ke damunka shi ne abin da ya fi ƙaranci a labaran tafiya da muka gada. Ibn Baɗɗuɗa, shahararren matafiyin nan ɗan Maroko, ya bar garinsu Tanja a 1325, bai koma Maroko ba sai 1349. A Dimashƙa ya ji mahaifinsa ya rasu tun shekara goma sha biyar da suka wuce, yana dab da gida kuma ya ji annoba ta ɗauke mahaifiyarsa. Duk wannan a 'yan layuka ya wuce shi, ya ziyarci kabarinta, ya sake ɗaura kaya zuwa Andalus, daga nan ya keto hamada zuwa Mali. Dorugu, yaron nan Bahaushe daga ƙasar Damagaram da ya bi Bature Barth har Ingila a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, wani ɗan mishan mai suna Schön ya rubuta. Amma yana can Ingila ya ba da shi, don haka labarin can ya tsaya. Ya dawo, ya rayu har 1912 a Kano, kuma ba mu da bakinsa a kan yadda dawowar ta kasance. Malamin nan namu na lissafi, Muhammadu al-Kashinawi, ya tafi hajji bai dawo ba sam, a Alƙahirar da ka zauna ya rasu a 1741. Ga kuma dubban alhazan ƙafa da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin, tashar jirgin ruwa ta Sudan a bakin Bahar Maliya, suna tafe suna tsayawa noma da ƙwadago, wasu su dawo bayan shekaru masu yawa su tarar an yi musu sadakar mutuwa. A baki labarinsu ya zauna, ya bi su kabari. Ko a nan Katsina mun riƙe cewa Sarki Muhammadu Dikko ya tafi Makka ta Ingila a jirgin ruwa a 1921, amma talakan da ya taka da ƙafa a shekarun nan, wa ya rubuta ranar da ya shigo ta Ƙofar Durɓi ba wanda ya gane shi? Saboda haka dawowarka ba bayan littafi take ba, cikinsa take, kuma a ganina ita ce za ta bambanta naka da na wasu.

Maganin jerin garuruwa shi ne zaɓe, kuma ka riga ka iya shi. Sanda kake haɗa jakar dawowa ba ka kwaso kasuwa ba. Ka ɗauki turare kana tunanin mahaifiyarka, ka ɗauki littafi kana tunanin malaminka na zaure, ka ajiye abubuwa da yawa saboda kilo ba zai ɗauka ba. Haka za ka yi da labari. Ka zaɓi mutum ɗaya na gaske a Katsina, mai hankali, wanda bai taɓa wuce Kano ba, ka sa shi a gabanka duk sanda ka zauna rubutu. Abin da ka san zai sa ya gyara zama, shi za ka rubuta. Abin da ka san zai sa ya duba wayarsa, ka wuce shi da layi ɗaya, ko da wata shida ka yi a wurin.

Misali, in ka rubuta "Mun tashi daga Khartum, muka isa iyakar Argin, muka daɗe kafin a bar mu mu shiga, daga nan sai Aswan," ba ka faɗi abin da jarida ba ta faɗa ba. Tambayoyin da zan yi maka su ne: wa ke zaune kusa da kai a motar? Da ruwa ya ƙare, wa ya fara miƙa wa wani gorarsa? Me ka ɗauko daga ɗakinka, me ka bari, kuma me ya sa? Da waya ta sami sabis, wa ka fara kira, me ka ɓoye masa? Haka kuma shekarun zaman lafiya. Kada ka ce "mutanen Sudan suna son shayi." Ka zaunar da mu a gaban mai shayi ɗaya, matar nan da ke ƙarƙashin bishiya da kurfotin gawayi, da 'yan kwalaben citta da kirfa da na'ana'a a jere, da ƙananan kujeru kewaye da ita, ka nuna mana yadda ta san wanda ke shan nasa ba sukari, da ranar da ta ce ka bar kuɗin sai tallafin gida ya iso. In mai karatu ya san matar nan a babi na uku, ba sai ka yi masa dogon bayani a kan illar yaƙi a babi na goma ba. Ya isa ka ce ka bi ta wurin ka tarar da kujerun ba kowa, in dai hakan ta faru.

Na ce in dai hakan ta faru, domin a nan ne babbar jarrabawar wannan fanni take. Mai labarin tafiya ba mai ƙaryata shi a kusa, kuma zuciya na son gyara zance. Masana sun gano cewa Ibn Juzai, wanda ya rubuta wa Ibn Baɗɗuɗa labarinsa aka kammala a 1355, ya ɗebo bayanin Dimashƙa da Makka da Madina daga littafin Ibn Jubair da ya riga shi, kuma har yau ana shakkar ko ya je wasu wuraren da ya ce ya je. Shekara fiye da 600 ba ta rufe wannan ba. Kai kuwa ɗaruruwan ɗalibai ne suka bi hanyar da ka bi, kuma duk suna Facebook. Ka raba abu uku a fili: abin da ka gani da idonka, abin da wanda ya gani ya gaya maka, da abin da ake ta faɗa. Hausa tana da kayan aikin nan a shirye, "na ga", "wane ya ce mini", "wai". A lokacin yaƙi jita-jita ta fi harsashi yawa, in ka rubuta "wai" a matsayin "na ga" a kan wani ɓangare ko wata ƙabila, ka ɗauki alhaki.

Kada kuma ka amince da ƙwaƙwalwarka ita kaɗai, tana haɗa kwana biyu ta mai da su ɗaya, tana sauya wanda ya faɗi magana. Ibn Baɗɗuɗa da kansa ya ce 'yan fashin teku sun raba shi da abin da ya kwafo daga kaburburan malaman Bukhara. Kai ka fi shi sa'a. Hotunan wayarka suna ɗauke da kwanan wata, fasfonka na da hatimi, kuma saƙonnin murya da ka riƙa tura wa gida ta WhatsApp wataƙila suna nan a wayar ƙanwarka. Waɗannan saƙonni sun fi komai daraja, don a cikinsu akwai muryarka ta ranar, kafin ka san yadda abin zai ƙare. Ka tattara su yau, ka adana a wuri biyu. Sannan ka kira abokan tafiya biyu ko uku, kowa shi kaɗai, ka ce ya ba ka labarin rana kaza. Inda kuka saɓa, ka rubuta cewa kun saɓa.

Sai hukunci a kan mutane. Ina so ka tuna yadda abin yake in mu aka rubuta. Barth ya shigo Katsina a Janairun 1851, ya yi 'yan kwanaki cikin ja-in-ja da Sarki a kan kyauta, ya ga ganuwa mai faɗin gaske da mutanen da ya ƙiyasta ba su wuce dubu bakwai ko takwas a cikinta ba. Ya zo ne a lokacin da kasuwa ta koma Kano, yaƙi da Maraɗi kuma ya hana garin sakat. Mutum ne mai lura ƙwarai, yana jin Hausa, ya sake dawowa a 1853, amma duk da haka Katsinar wani ɗan lokaci ya gani, ta idon baƙon da aka tsare. Yau shekara fiye da 170 ana ɗauko maganarsa a matsayin shaida. To kai ma haka rubutunka zai zame wa wani. Ka zauna a unguwa ɗaya ko biyu a Alƙahira, cikin talauci, ba cikakkiyar takarda. In wani ya zage ka saboda launin fatarka, ka rubuta, kada ka ɓoye, da wurin da abin da ya ce da yadda ka ji. Amma ka rubuta shi a matsayin abin da mutum kaza ya yi ranar kaza, ka kuma rubuta wanda ya tsaya maka. "Misirawa haka suke" ba magana ce da shekara ɗaya ke ba mutum ikon faɗa ba.

Wannan ya fi ƙarfi a kan Hausawan Sudan. Mai karatu a nan zai so jin su ƙwarai: zuriyar alhazan da suka tsaya noman auduga a Jazira, da mutanen garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. In ka zauna da su, ka ba su babi guda. Amma 'yan Sudan ne, can aka haifi kakanninsu, kada ka rubuta su kamar ɓatattun da ke jiran a dawo da su, kada kuma ka mai da Hausarsu abin dariya don ta sha Larabci.

Akwai amana kuma. Wanda ya ɓoye ka a ɗakinsa ba shi da izinin zama, ɗalibar da ta shiga wani hali a hanya, abokin da ya yi abin kunya saboda tsoro, maƙwabcin da ya gaya maka ɓangaren da yake goyon baya: rubutunka na iya jawo wa ɗayansu kora, ko mutuwar aure, ko abin da ya fi haka, tunda yaƙin bai zama tarihi ba tukuna. Ka sauya suna da unguwa da duk alamar da za a gane mutum da ita, ka faɗa a gabatarwa cewa ka sauya. Hoton fuska kuwa sai da izini.

Alfaharin da kake tsoro yakan tafi da kansa in ka bi abin da ya gabata, domin littafin zai cika da wasu mutane, kai ka koma mai gani. Abin da ya rage shi ne kada ka cire wuraren da ka ji tsoro, ko ka rasa abin yi, ko aka taimake ka. Matafiyin da kullum shi ne mai dabara a labarinsa, ba a yarda da shi.

Game da harshe, ka rubuta yadda za ka faɗa a zaure. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a nan Katsina, da ya je Ingila a 1943 cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma ana tsakiyar yaƙin duniya, ya dawo ya fitar da Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944. Ya san sarai su wa ke karanta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, su ya rubuta wa. Kai ma in abu ba mu da shi, ka kira shi da sunansa na can sau ɗaya, ka bayyana shi da abin da muka sani: kisra, ka ce waina ce mai faɗi siririya ta ƙullun dawa mai tsami, ka wuce. Hirar da aka yi da Larabci ka mai da ita Hausar da irin wannan mutum zai yi da a Katsina aka haife shi, dattijo ya yi maganar dattawa, direba ta direbobi. Kuɗi kuwa kada ka tsaya canza fam zuwa naira, farashin canji ya sauya sau da yawa tun lokacin. Ka ce kuɗin motar ya kai abin da kake ci a wata nawa, kowa zai gane.

Bugawa ba ita ce damuwarka ta yanzu ba. Sakin labari kashi-kashi a Facebook yana da amfani, yana sa mutum ya dage, kuma abokan tafiya za su gyara maka kuskure. Haɗarinsa shi ne masu sharhi za su riƙa jan ka zuwa wurin jini da tashin hankali, don shi ya fi kawo jama'a. Shawarata ka gama rubutun farko gaba ɗaya kafin ka saki ko layi ɗaya, ka karanta shi da ƙarfi a gaban mutum biyu, ɗaya wanda kuka yi tafiyar tare, ɗaya wanda bai taɓa fita ba.

Babin da za ka fara rubutawa ba na tashi daga Katsina a 2017 ba ne, wannan ya yi nisa, zai fito a bushe. Ka fara da zagayen gaisuwar da na ce ka yi. Kowace rana ka dawo, kafin ka kwanta, ka rubuta gidan da ka shiga, da abin da aka ce, da abin da ya tuna maka na can, shafi ɗaya ya isa. Tsarin babi-babi sai daga baya. In ka tara na mako uku ko huɗu ka aiko mini in duba, in nuna maka inda Khartum ta fara shigowa da kanta, daga nan sai mu san yadda za a jera sauran. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da sauran mutanen gida.